Yadda Ake Gane Tutocin Soja da na Bukukuwan Girmamawa, a Siffanta Su Daidai

A filin fareti tutoci ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ke kaɗawa a saman dogon sanda, akwai wadda ƙaramin hafsa ya rungumo, sojoji riƙe da bindigogi suna dafe da shi dama da hagu, akwai kuma 'yar ƙarama a goshin motar janar. Yawancin masu ba da labari, har da 'yan jarida da masu gabatar da taro, suna ɗaya suke ba su duka: tuta. Ba su yi ƙarya ba, amma sun bar rabin labarin a ƙasa. Kowace da mai ita, kowace da wurin da ake ɗaga ta, kuma girmamawar da ake yi wa wannan ba ita ake yi wa waccan ba.

Nazarin tutoci fanni ne mai zaman kansa. Wani Ba'amurke mai suna Whitney Smith ne ya raɗa masa suna feksiloloji a ƙarshen shekarun 1950, kuma tun 1969 masanansa suke da ƙungiya ta ƙasa da ƙasa. Abin da zan kawo a nan shi ne hanyar da suke bi idan suka tsaya gaban tuta, daki-daki, da sunayen da za ka iya kiran kowane sashe da su.

Mataki na farko: nemo sanda

Kafin ka kalli launi, nemi gefen da aka ɗaure tutar. Daga nan ake fara komai. Iska tana juya tuta yadda ta ga dama, mai kallo ma yana iya tsayawa gaba ko baya, saboda haka "dama" da "hagu" ba su da tabbas. Sanda kuwa ba ya sauya wuri. Rabin tutar da ke manne da shi sunansa gefen sanda. Ɗaya rabin, wanda iska ke kaɗawa kuma shi ke fara yagewa, sunansa gefen iska.

Sai ka raba tutar gida huɗu a zuciyarka. Gidan sama na gefen sanda shi ne kusurwar girma, wadda masana ke kira kanton. Ta sami wannan matsayi ne saboda ita ce ke zama a bayyane ko da iska ta kwanta tutar ta lanƙwashe. A nan Amurka ta sa taurarinta 50, a nan Laberiya ta sa nata guda ɗaya, a nan kuma Ostareliya da Niyu Zilan suka sa tutar Birtaniya. Launin da ya mamaye tutar shi ne jikin tuta, duk abin da aka ɗora a kansa kuma alama ce, tauraro ne, jinjirin wata ne, mikiya ce ko tambarin ƙasa.

Tuta tana da fuska da baya. A al'adar da ta fi yaɗuwa, fuska ita ce ɓangaren da kake gani idan sanda yana hagunka. A yawancin tutoci bayan juyin fuskar ne kawai, amma ba duka ba. Tutar Faraguwai tambarin da ke fuskarta daban ne da na bayanta. Ta Saudiyya kuwa ana ɗinka ta ninki biyu, don kalmar shahada ta karantu daidai daga dama zuwa hagu ta kowane ɓangare. Wannan ƙa'ida ta sanda ce ta sa tutar da ke hannun rigar sojan Amurka na dama take zama kamar an juya ta: ana so kusurwar girma ta fuskanci gaba, kamar sojan na tafe da tutar iska na kaɗa ta baya.

Sauran kayan da ke tare da tuta su ma a san su: igiyar da ake jan ta sama da ita, kan sanda wanda yakan zama tsinin mashi ko kambin sarauta ko mikiya, gezar da ake kewaye bakinta da ita, da igiyoyin ado masu tuntu da ke reto daga wuyan sandan. Geza da tuntu ado ne na tutar hannu da ta cikin ɗaki. Ba a sa su a tutar da ke kwana a waje.

Mataki na biyu: awo da siffa

Ana faɗin awon tuta da lamba biyu, ta farko tsayin gefen sanda, ta biyu tsawonta zuwa bakin iska. Idan aka ce 1:2, tsawon ya ninka tsayin sau biyu, kamar ta Nijeriya da ta Birtaniya. Ta Faransa 2:3 ce, ta Jamus 3:5, ta Amurka 10:19, ta Ƙatar 11:28. Suwizalan da Batikan tasu murabba'i ce, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Ta Nepal ita kaɗai ce tutar ƙasa da ba ta da kusurwa huɗu.

Bayan awo sai siffar baki. Wata bakinta a miƙe yake, wata an tsaga shi ya zama harshe biyu, wata ta tafi ta tsuke zuwa tsini ɗaya. A wurin soja wannan ba ado ba ne kawai, domin siffar baki takan nuna irin rundunar da ke da tutar, kamar yadda za mu gani.

Mataki na uku: jero zanen bisa tsari

Fara da yadda aka raba jikin, ratsi a tsaye ne ko a kwance, gicciye ne a miƙe ko a karkace, ko kuwa launi ɗaya ne zalla. Sannan ka jero launuka: ratsin tsaye daga sanda zuwa iska, ratsin kwance daga sama zuwa ƙasa. Alama ita ce ta ƙarshe, ka faɗi launinta da inda ta zauna.

Kada ka raina wannan jeri. Mali kore, rawaya, ja ce daga sanda. Gini ja, rawaya, kore. Ailan kore, fari, ruwan lemo; Kwaddibuwa ruwan lemo, fari, kore. Wanda ya soma ƙirga daga gefen iska ya ba wata ƙasa tutar wata. Chadi da Romaniya kuwa sai an lura da duhun shuɗin kafin a rarrabe su. A gasar Olamfik ta 1936 a Berlin ne aka gano cewa tutar Haiti da ta Lictenstain iri ɗaya ce, shi ya sa a 1937 Lictenstain ta ƙara kambin sarauta a tata.

Mataki na huɗu: tutar wa ce, kuma a ina ake ɗaga ta

Mutane da yawa sun ɗauka kowace ƙasa tuta ɗaya gare ta. Masana suna kasa amfanin tutar ƙasa gida shida. Masu amfani da ita iri uku ne, farar hula da gwamnati da soja. Wuraren amfani kuma biyu, tudu da ruwa. Wasu ƙasashe, irin Amurka, tuta ɗaya ce ke yin aikin nan shida. Wasu kuma sun rarraba. A Jamus kowa na iya ɗaga baƙi, ja da ruwan zinariya, amma wadda aka sa wa garkuwa mai mikiya a tsakiya ta hukumomin tarayya ce. Don haka idan ka ga tutar ƙasa da ƙarin tambari a kanta, kada ka yi saurin cewa kuskure aka yi wajen ɗinki. Mai yiwuwa tutar gwamnati ce ko ta yaƙi.

Mataki na biyar: tutar runduna

A nan ya kamata a daɗe, domin ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita aka fi yi wa kuskure.

Tutar ƙasa da ke kan sanda a bakin bariki, idan ta koɗe sai a sauke a ɗaga sabuwa, babu wanda zai ce an yi asara. Tutar runduna ba haka take ba. Ba a sauya ta haka kawai, shugaban ƙasa ko sarki ko wakilinsa ne ke miƙa ta ga rundunar a bainar jama'a, a wasu ƙasashe malaman addini su yi mata addu'a, daga nan kuma ta zama mutuncin rundunar. Ba ta fita sai da masu gadi ɗauke da makamai. Duk sojan da ta gifta ta gabansa a buɗe sai ya sara mata.

Dalilin wannan girma daga fagen fama ya samo asali. Kafin zuwan rediyo, idan ƙura da hayaƙi suka turnuƙe, soja ba ya jin muryar kwamandansa, amma yana iya hango tuta. Inda take nan 'yan'uwansa suke. Idan ta yi gaba ya bi, idan ta faɗi ya san al'amari ya ɓaci. Rumawa suna da mikiyar ƙarfe a kan sanda, kowace babbar runduna guda ɗaya, tun gyaran da janar ɗinsu Mariyus ya yi wajen shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa. Da suka rasa mikiya uku a dajin Tiyutobag da ke Jamus ta yau a shekara ta 9 miladiyya, sun shafe shekaru suna neman su. A tarihin Musulunci akwai liwa'i da raya, wato tutocin yaƙi. Mus'abu ɗan Umairu ya yi shahada a Uhudu riƙe da tuta. A Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe ta har aka kashe shi, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karɓa, sai Abdullahi ɗan Rawaha, kafin ta kai hannun Khalidu ɗan Walidu, Allah ya ƙara musu yarda. Bayan 1804, tutar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba irin su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi ita ce shaidar izininsu na jagorantar yaƙi. Ko'ina ka duba, abu ɗaya ne: tuta ce wurin haɗuwa, kuma ita ce hujjar iko.

Saboda haka ƙwace tutar abokin gaba babbar nasara ce, rasa taka kuma babban abin kunya. A yaƙin Watalu a 1815, wani saje na Birtaniya mai suna Charles Ewart ya ƙwace mikiyar runduna ta 45 ta Napoliyon, kuma har yau ana tunawa da shi a kan haka. A Isandilwana da ke Afirka ta Kudu, ranar 22 ga Janairu 1879, da mayaƙan Zulu suka murƙushe sojan Birtaniya, hafsoshi biyu, Melvill da Coghill, sun mutu a ƙoƙarin tserar da tutar Sarauniya ta runduna ta 24. Shekara biyu bayan haka, a Janairun 1881 a Laing's Nek, ita ma a Afirka ta Kudu, Birtaniya ta shiga da tutar runduna fagen yaƙi karo na ƙarshe, domin bindigogin zamani sun mai da mai riƙe da tuta abin hari na farko. A faretin nasara na Mosko, 24 ga Yuni 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet sun zubar da tutocin Jamus kusan 200 a gindin kabarin Lenin.

To, da ka ga tutar hannu a fareti, ga abin da za ka duba.

Ƙirga su tukuna. A tsarin Birtaniya, wanda ƙasashe irin su Ghana, Kenya da Nijeriya suka gada, bataliyar sojan ƙafa tana da tutoci biyu da ake kira kalos. Babbar ita ce ta Sarki, wadda galibi ke ɗauke da zanen tutar ƙasa. A jamhuriyoyi ta koma tutar shugaban ƙasa ko ta ƙasa. Ta biyu ita ce ta rundunar kanta, mai launin rundunar da tambarinta. Babbar tana tsayawa dama da ƙaramar. A Birtaniya awonsu ƙafa 3 da inci 9 ne a tsawo, ƙafa 3 a tsayi, ban da geza, kuma da siliki ake yin su da aikin zare a kai.

Sannan dubi girma da baki. Mahayin doki ba zai iya riƙe babbar tuta cikin sukuwa ba, don haka tutocin sojan doki ƙanana ne, kuma rundunonin tankoki da suka gaje su sun gaji wannan siffa. Mai kusurwa huɗu ana ce mata standad, mai tsagaggen baki kuma gaidon. A Faransa ma haka aka bambanta: ta sojan ƙafa santimita 90 ce kowane gefe, ta sojan doki santimita 64. A Amurka gaidon ƙaramar tutar kamfani ce, wadda ke tsayawa gaban sahu.

Idan kuma ka ga runduna ba ta da tuta sam, ba mantawa aka yi ba. A al'adar Birtaniya, igwa ita ce tutar masu igwa, ana sara mata yadda ake sara wa tuta. Rundunonin da asalin aikinsu shi ne warwatsuwa cikin daji suna harbi daga ɓoye su ma ba a ba su tuta ba, domin ba ta da amfani ga wanda ke son kada a gan shi.

Abu na gaba shi ne rubutun da ke jikinta. Sunayen wurare da aka ɗinka cikin ƙananan layuka lambobin yaƙi ne, wato fagagen da hukuma ta amince rundunar ta yi bajinta. Runduna ba ta rubuta wa kanta, ba ta ake yi. A Amurka ba a jikin tutar ake rubutawa ba, dogayen ƙyallaye ne ake ratayawa a kan sandan, kowanne da sunan yaƙi da shekararsa. Faransa tana rubuta sunayen yaƙoƙi da zinariya a bayan tutar, ta ɗaura lambobin yabo a ƙyallen da ke wuyan sandan. Ni a ganina mai ba da labarin fareti da ya karanto wa masu sauraro ko suna biyu daga cikin waɗannan ya fi wanda ya ɓata lokaci yana yabon kyan launi, domin a kowane suna akwai mutanen da suka tafi ba su dawo ba.

Daga ƙarshe dubi masu rakiya. Ƙaramin hafsa ne ke ɗaukar tutar, gindin sandan a cikin wani ɗan kofi da ke jikin ɗamarar da ya rataya. Manyan saje ne ke gadinta. A 1813 Birtaniya ta ƙirƙiro muƙamin saje na tuta don wannan aiki. Idan tutar tana cikin kubenta na fata, ba a yi mata cikakkiyar gaisuwa. Da an zare kuben, hukunci ya sauya. Zagayawa da ita a hankali cikin sahun sojoji, kamar yadda ake yi a Landan kowane watan Yuni don bikin ranar haihuwar Sarki, asalinsa nuna wa kowane soja tutarsa ne don ya shaida ta ranar yaƙi. Idan ta tsufa ba a jefar da ita, ba a kuma ƙona ta. Ana yin fareti na musamman a kai ta coci ko gidan tarihi ko zauren rundunar a ajiye.

Mataki na shida: tutocin jirgin ruwa

A teku wurin da tuta take a jikin jirgi shi ke faɗin sunanta. Wadda ke can baya ita ce ensain, mai shaida ƙasar jirgin. Tun 1864 Birtaniya ta raba tata uku: fara ta jiragen yaƙi, ja ta jiragen kasuwanci, shuɗiya ta jiragen hukuma. Jiragen yaƙin Rasha farar tuta mai shuɗin gicciye a karkace suke ɗagawa. Na Japan jar rana mai haskoki 16. Indiya ta cire jan gicciyen da ta gada daga Birtaniya a Satumbar 2022.

Ƙaramar da ke goshin jirgi ita ce jak, kuma ana ɗaga ta ne idan jirgi ya jefa anga ko yana ɗaure a tasha, ba lokacin da yake tafiya ba. A can ƙololuwar sandan jirgin akwai wata siririya doguwa, mai nuna cewa jirgin yana bakin aiki ƙarƙashin kwamanda. Idan admiral ya hau, tutarsa ce ke maye gurbinta. Jirgin kasuwanci da ya shiga ruwan wata ƙasa kuma yakan ɗaga ƙaramar tutar masu masaukin don ladabi.

Tutoci masu launi-launi da ake jerawa a igiya kuwa magana ce. Tsarin sigina na duniya yana da tutoci 26 na haruffa, 10 na lambobi, 3 na maimaici da 1 ta amsawa. Rawaya zalla, harafin Q, tana nufin jirgin lafiya yake yana neman izinin shiga. Harafin A, fari da shuɗi, akwai mai nutso a ƙasa, a rage gudu a nisanta. Harafin O, mutum ya faɗa ruwa. N a sama da C neman agaji ne. A ranar biki akan jera su duka daga goshi zuwa baya don ado, a ranar ba sa ɗauke da wani saƙo.

Mataki na bakwai: tutar muƙami

Wannan ta mutum ce, tana nuna cewa yana wurin. Tana tashi da isowarsa, ta sauka da tafiyarsa. A sojan ƙasa na Amurka ja ce mai fararen taurari, ɗaya na birgediya, huɗu na cikakken janar. Amma kada ka ɗauka ko'ina yawan alama ne girma. A rundunar ruwan Birtaniya cikakken admiral tutarsa jan gicciye ne a kan fari ba ƙari. Mai bi masa yana da jan ɗigo ɗaya, na ƙasa da shi biyu.

Mataki na takwas: me tutar take yi

Tuta ɗaya tana iya faɗin abubuwa da yawa gwargwadon yadda aka motsa ta. Ana ɗaga ta da hanzari, a sauke ta a hankali, kuma ba a bari ta taɓa ƙasa. A rundunonin ruwa da yawa ƙarfe 8 na safe ake ɗagawa, a sauke da faɗuwar rana.

Idan za a sassauto da ita don makoki, ba a tsayar da ita a tsakiya kai tsaye. Sai an kai ta ƙololuwa, a ɗan dakata, sannan a sauko da ita. Da yamma ma a mayar da ita sama kafin a sauke gaba ɗaya. A Amurka tsakiyar sanda ake tsayar da ita, kwana 30 idan shugaban ƙasa ne ya rasu. A Birtaniya ana barin ta a kashi biyu cikin uku na tsayin sandan. Akwai waɗanda ba a sassauto da su ko kaɗan. Tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada, don haka tana nan a sama ko Sarki ne ya rasu. Tutar Sarkin Ingila ma ba ta sauka, saboda da rasuwar sarki magajinsa ya riga ya zama sarki. Duk mai shirya taron da ya haɗa tutocin ƙasashe ya kamata ya san wannan tun kafin ranar makoki ta zo. Tutar hannu ba ta da igiyar da za a sassauta, sai a ɗaura mata baƙin ƙyalle a wuyan sanda.

Rusunar da tuta gaisuwa ce. Jirgin kasuwanci yana rusunar da tasa ga jirgin yaƙi, shi kuma ya amsa. A Birtaniya ana kwantar da tutar runduna har ƙasa gaban Sarki. A Amurka tutar runduna tana rusunawa, ta ƙasa kuwa ba ta rusuna wa kowa a fareti. Sauke tuta ɗungum a tsakiyar yaƙin ruwa miƙa wuya ne. Juya ta sama a ƙasa tsohuwar alamar neman ceto ce, sai dai a Filifin, inda ɗora jan ratsi a sama ke nufin ƙasar tana cikin yaƙi.

A jana'izar soja ana lulluɓe akwatin da tuta, gefen sanda ta wajen kai, kusurwar girma a kan kafaɗar hagu. Ba a binne ta da gawa. Ana ɗauke ta kafin a saka mamaci a kabari, a ninke, a Amurka ninki mai kusurwa uku, a miƙa wa iyali.

Mataki na tara: jera tutoci tare

Wurin girma shi ne daman tutar kanta, wato hagun mai kallo. Idan biyu ne, ta mai masauki ta tsaya hagunka kai da ke fuskantarsu. Idan uku ne, a ƙasashe da yawa tana tsakiya. Idan an gitta sanduna, nata ne a gaba. Tutar ƙasa ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen sauka. Tsakanin ƙasashe kuwa ƙa'idar ba ta da sassauci a lokacin zaman lafiya: kowace da sandanta, tsayi ɗaya, girma ɗaya, babu wadda ke saman wata. Don kauce wa gardama ake bin jerin haruffa, kamar a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Niyu Yok, inda tutocin ƙasashe 193 suka jeru daga Afghanistan zuwa Zimbabuwe. Bayan tutocin ƙasashe sai na jihohi, sannan na rundunoni da ƙungiyoyi.

Mataki na goma: tutocin da doka ke karewa

Farar tuta ba lallai miƙa wuya take nufi ba. Ma'anarta ta asali ita ce ana son magana. Yarjejeniyoyin Heg na 1899 da 1907 sun ce wanda ya fito da ita ba a taɓa shi, shi da mai busa begila ko mai ganga da tafintan da ke tare da shi. Kwamandan da aka nufa ba dole ne ya karɓe shi ba, amma ba shi da ikon harbinsa. Ɗaga ta da nufin yaudara don a kai hari ha'inci ne, ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya haramta shi a fili. Haka jan gicciye a kan fari, wanda aka amince da shi a 1864, da jan jinjirin wata a 1929, da jan lu'ulu'u a 2005: alamomin kariya ne ga masu jinya da asibitoci. Ina jan hankali a kan wannan saboda duk lokacin da aka ci amanar ɗayansu, mai jinya na gaba da ya ɗaga ta da gaskiya shi ne zai sha harsashi.

Mataki na ƙarshe: rubuta shi cikin jimla ɗaya ko biyu

Jera abin da ka tara haka: mai tutar, irinta, awo da siffa, jiki, launuka daga sanda, alama, kayan ado, sannan abin da take yi. Misali: "Tutar jiragen yaƙin Birtaniya, awo 1:2, jikinta fari, jan gicciye a miƙe ya raba ta huɗu, tutar ƙasa a kusurwar girma, an sassauto da ita a bayan jirgin." Ko kuma: "Tutar bataliya, ta siliki, kore mai gezar zinariya, tambarin rundunar a tsakiya, lambobin yaƙi shida a kewaye, laftanar ne ke ɗauke da ita, saje biyu na gadi."

Ƙananan ƙa'idoji suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga runduna zuwa runduna. Idan aikinka ya haɗa da shirya fareti ko yin sharhi a kansa, je ka sami samanjan rundunar kwana ɗaya kafin taron, domin shi ne mai kula da tsarin fareti. Tambaye shi wace tuta za ta fito, wa ya miƙa ta kuma a wace shekara, wa zai ɗauke ta, da lokacin da jama'a za su miƙe tsaye.